Biyu Daga Hannu, Uku Daga Ƙasa

Duk wanda ya ce maka zafin rana ne babban abin da ke wahalar da baƙo a Doha, to bai taɓa kwana a gadon sama ba. Ni na kwana a can wata goma cur, da gwiwar da babur ya taɓa murɗe min a hanyar Malumfashi. Zan faɗi yadda na hau da yadda na sauko, kuma ba zan yi wa kowa ado ba, har da ni kaina.

Mutumin da ya yi mana hanya a Kano ya rantse min da Allah cewa gadin otal zan yi, a cikin sanyi, da kwat da takalmi sau ciki. Da muka sauka, wata tsohuwar bas mai labule ta kwashe mu. Ta wuce dogayen benayen nan da ake nunawa a waya ko rage gudu ba ta yi ba, ta yi ta tafiya har gari ya ƙare, sai garejoji da manyan sito da tulin tayoyi. Nan ne Sana'iyya, unguwar leburori. Allah ya isa tsakanina da mutumin Kano, amma ba labarinsa zan ba ku ba.

Ɗakin da aka kai ni mutum takwas ne, gadaje huɗu masu hawa biyu. Shugaban ɗakin wani dogon ɗan Kenya ne mai suna Otieno, shekararsa bakwai a kamfanin. Ya nuna min gadon sama na kusa da esi, na'urar sanyaya ɗaki, ya ce da Turanci nan ne wurina. Tsanin gadon ƙarafa uku ne sirara kamar yatsa. Ran farko na hau ina dariya.

Aikina tsaron ƙofar wani sito ne kusa da kasuwar kayan lambu ta Abu Hamour. Awa goma sha biyu a tsaye, babu kujera, don sufabaiza ya ce mai gadin da ya zauna barci yake shirin yi. Kafin in cika wata biyu gwiwar nan ta farka. In na dawo sai in tarar ta kumbura kamar ƙullin fura, sannan ga tsani yana jirana. In hau in huta, in sauko in yi alwala, in hau, in sauko in ci abinci, in fitsari ya matse ni in sake saukowa. Iskar esi kuma kai tsaye a kan gwiwar take hurawa.

A ɗakin nan Bahaushe ɗaya na tarar, Sabi'u, ɗan Fagge. Shi ma a gadon sama yake, daura da ni. Ranar da na iso ina zaune ina kallon farar shinkafar da aka ba mu, sai na ji an ce, "Kai Bakatsine, haka za ka ci ta kamar mara lafiya?" Ya miƙo min robar yajin ƙuli da ya zo da shi daga gida, ya barbaɗa min da hannunsa. Wallahi saura kaɗan in yi hawaye. Daga ranar na ɗauke shi ɗan'uwa, duk abin da ya ce min ba na tambaya sau biyu.

Shi ya gaya min al'adar ɗakin. In mai gadon ƙasa ya gama kwantiragi ya tafi, ba a bai wa wanda ya fi daɗewa, ba a bai wa mara lafiya. Mutum huɗun da ke sama ne za su zauna ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, su yi wasan karta, wanda ya ci ya sauko. Ba a sa kuɗi, domin duk wanda aka kama yana caca a ƙasar nan jirgi ne zai mayar da shi gida, kuma Otieno ya rantse ko ƙwandala ya gani a tabarma shi da kansa zai kai ƙara. Da ƙwallon dabino ake yi. Akwai gwangwanin madara cike da su a ƙarƙashin gadonsa, a raba wa kowa daidai, wanda ya kwashe na kowa shi ne mai gado.

Na ce, "Sabi'u, ni fa ban taɓa riƙe karta ba. Da mahaifina zai ga wannan a hannuna, sai ya tsine min."

Ya ce, "Haba mutumina, caca sai da kuɗi. Wannan ƙwallon dabino ne, ko akuya ba ta so. Kana son gwiwarka ko ba ka so?"

Ina son gwiwata. Sai na zauna ya fara koya min.

Wasan haka yake. A ba kowa kati biyu ya ɓoye a hannu. Sannan mai rabo ya shimfiɗa kati biyar a tsakiyar tabarma a buɗe, uku a tashin farko, sai ɗaya, sai ɗaya. Waɗannan biyar ɗin na kowa ne, kamar tulun ruwan masallaci. Kai dai ka duba na hannunka ka duba na ƙasa, ka haɗa kati biyar mafi ƙarfi da za ka iya. Tsakanin kowace shimfiɗa a zuba ƙwallaye, in ka ga ba ka da komai ka ajiye katinka ka janye. Masu lamba ɗaya guda biyu sun fi babu. Biyu nan biyu can sun fi su. Uku masu lamba ɗaya sun fi waɗannan. Sai jeri, wato lambobi biyar a bin juna. Sai zane ɗaya, wato biyar duk masu hoton zuciya ko duk masu hoton ganye. Sama da shi kuma uku da biyu a haɗe, wanda suke kira cikakken gida.

Ni kuwa abin da na sani tun ina yaro shi ne wot, wasan da burinka ka rabu da katinka kafin kowa. Juma'ar farko aka ba ni sarki biyu, aka shimfiɗa wani sarkin a ƙasa. Ina ganinsa na buga nawa a kansa da ƙarfi, ina murna na rage kaya. Ɗakin ya fashe da dariya. Wani ɗan Nepal mai suna Bishal har da kwanciya yana dukan katifa. Sabi'u ya ce, "Tirƙashi! Bakatsine, nan ba a zubar da arziki, riƙewa ake yi." Kunya ta kama ni, amma na yi dariyar tare da su.

Daga nan na sa kaina. Na rubuta jerin ƙarfin katin a bayan kwalin shayi, na sa a aljihun yunifom. Ina tsaye a ƙofar sito motocin tumatir da albasa suna wucewa, ni kuma ina bita a zuci kamar mai hadda. Na daina buga kati kafin lokaci. Na koyi riƙe fuskata, don Sabi'u ya ce duk sanda na samu kati mai kyau hancina buɗewa yake. Cikin wata uku na fara kwashe ƙwallayen mutane a wasan Juma'a na nishaɗi, har Otieno yana gyaɗa kai.

A tsakanin nan gwiwar ta kai ni asibitin ma'aikata. Ina hawa gadon gwaji na ce "Wayyo Allah" ba da niyya ba, sai nas ɗin ta juyo ta ce, "Sannu Malam, daga ina?" Sista Rifkatu, 'yar Kafanchan. Ta danna gwiwar, ta tambaye ni inda nake kwana. Da na gaya mata sai ta girgiza kai.

"Malam Isiyaku, tsayuwar kaɗai gwiwar za ta iya ɗauka in kana hutar da ita. Amma tsayuwa da hawa tsani, ba za ta kai ka shekara ba. In likita ya gan ta haka sau biyu ko uku, rubutawa zai yi ba ka iya aikin tsaye. Ka san abin da kamfani ke yi da irin takardar nan."

Na sani. Tikitin komawa ne. Kuma ni babur ɗin da nake ciyar da matata Hadiza da yara uku da shi na sayar kafin in taho. Sista Rifkatu ta buɗe jakarta ta ba ni wani bandeji mai roba nata na kanta, ta ce in ɗaura kullum, in nemi gadon ƙasa ko ta halin ƙaƙa. Allah ya saka mata da alheri, ita kaɗai ce a garin nan ta ba ni abu ba ta jiran komai.

A wata na biyar Bishal ya gama kwantiragi. Gadon ƙasa, kusa da ƙofa, nesa da esi. Ranar Juma'a muka sauko daga masallaci, aka shimfiɗa tabarma. Mu huɗu: ni, Sabi'u, wani ɗan Uganda da wani ɗan Bangaladash. Otieno ya raba ƙwallaye, ya ɗauki karta ya fara rabo. Kati ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Na dubi Sabi'u na ce da Hausa, "Ya na ga huɗu?"

Ya ce, "Wasan gado haka yake. Duk ɗaya ne, zaɓi aka ƙara maka."

Otieno ya tsaya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko kowa ya san dokar wasan gado. Da ya zo kaina, kafin in buɗe baki Sabi'u ya ce da Turanci, "Ni na koya masa." Otieno ya ce, "Yalla," aka fara.

Ɗan Bangaladash ya fara fita, sai ɗan Uganda. Saura ni da Sabi'u, ƙwallayenmu kusan daidai. Aka raba. A hannuna akwai as mai zuciya, katin da ya fi kowane ƙarfi, sauran ukun baƙaƙe ne marasa amfani. Aka shimfiɗa tara, huɗu da sarki, duk masu zuciya. Na huɗu ya zo baƙi. Na biyar ya zo bakwai mai zuciya. Huɗu a ƙasa, ɗaya a hannuna, zane ɗaya, kuma da as a kai. Babu abin da zai doke ni a tabarmar nan. Na tura duk ƙwallayena tsakiya. Sabi'u ko tunani bai yi ba ya tura nasa.

Na buga as ɗin na miƙe tsaye, gwiwar ma na manta da ita. Na ce, "Alhamdu lillahi!"

Ba wanda ya yi motsi. Otieno ya dubi katina, ya dube ni, ya dubi Sabi'u. Sannan a hankali ya ce a wasan gado dole mutum ya yi amfani da kati biyu daga hannunsa, uku daga ƙasa. Ba ɗaya da huɗu ba, ba uku da biyu ba. Zuciya ɗaya ce a hannuna, saboda haka ba ni da zane ɗaya, ba ni da komai. Sabi'u ya buɗe nasa: tara biyu, ga ta uku a ƙasa.

Ban san sanda na yi ƙafa da gwangwanin ba, ƙwallaye suka watsu har ƙarƙashin gadaje. Na ce, "Sabi'u, kai munafuki ne! Na tambaye ka da bakina!"

Ya ce, yana tattara katin ko kallona bai yi ba, "Na ce maka zaɓi aka ƙara maka. Ƙarya na yi? Biyu kake zaɓa cikin huɗu. Ni ma haka aka yi min da na zo."

"Ka ga gwiwata! Kai ka raka ni bakin asibiti!"

"Kowa a ɗakin nan da abin da ke yi masa ciwo, Bakatsine."

Da ɗan Uganda bai riƙe ni ba, da ranar an mayar da mu gida mu biyu. Na roƙi Otieno a sake wasan. Ya ce ya tambaya, an amsa masa, halas, magana ta ƙare. Abin da ya fi ƙona min rai, da la'asar Sabi'u ya sauko da katifarsa yana 'yar waƙa, ya shimfiɗa sabon zanin gado, ya jera takalmansa a ƙasa. Wata uku yana koya min wasa kullum, yana gyara min fuska, yana yaba min, ashe kiwona yake don ranar nan. Ya san sabon hannu in ya ga zuciya huɗu a ƙasa haukacewa yake.

Na daina yi masa magana. Sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, kafaɗa da kafaɗa, in an sallame in juya baya. Ya sake miƙo min robar yaji sau ɗaya, na ce ya ci abinsa ya ƙoshi. Aka canja min wurin aiki zuwa wani gida a Aziziyya, tafiyar bas ta ƙaru, tsayuwar tana nan yadda take. A cikin bas ɗin Otieno ya zauna kusa da ni ya koya min wasan kati huɗu daga tushe, ina jin kunyar abin ce ta dame shi. Ya nuna min duk ramukan da sabon hannu ke faɗawa. Ya ce mafi muni shi ne a ba ka uku masu lamba ɗaya a hannu, ka ga kamar ka mallaki duniya, alhali biyu kawai doka ta yarda ka ɗauka.

Gadon saman da Sabi'u ya bari bai yi mako biyu ba aka kawo sabon mutum. Malam Buba, daga Gombe, tsohon malamin firamare, gemunsa ya fara fari, ya girme ni da kusan shekara goma. Mutum ne mai sanyin magana, in zai hau tsani sai ya ce bismillah, in ya sauko ya ce alhamdu lillahi. Ranar da ya iso na ba shi sabuluna da bokitina, na nuna masa inda ake shanya. A raina na rantse wannan bawan Allah ba za a yi masa abin da aka yi min ba. Na ce ni zan koya masa wasan, kuma gaba ɗaya zan koya masa.

Na fara da na kati biyu, don shi ake yi kullum. Na ce in ya ƙware sai in gaya masa na huɗu, kada in rikita shi. Malam Buba kuwa kansa na ja, malamin lissafi ne. Cikin wata biyu ya fara cinye ni. In ya ci sai ya ce, "Yi haƙuri Malam Isiyaku, ɗalibinka ne." Kullum in ce gobe zan gaya masa.

A wata na goma, wata safiya ina saukowa gwiwar ta ƙi ɗaukata, na faɗo daga ƙarfe na biyu na bugu da bokiti. Malam Buba ne ya ɗaga ni. A asibiti wannan karon likita ne ya duba ni da kansa, ya yi rubutu mai tsawo a fayil. Sista Rifkatu ta biyo ni har bakin ƙofa ta ce, "Sau ɗaya ke nan, Malam. Kada ka bari a yi na biyu." A makon sufabaiza ya kama ni na jingina da bango, ya ɗauke ni hoto da wayarsa. Sannan aka ce wani mai gadon ƙasa zai tafi ƙarshen wata.

Ranar Juma'ar da za a yi wasan gadon na ce zan gaya wa Malam Buba a hanyar masallaci. A hanya muna hirar damina a gida, ban faɗa ba. Na ce in an sallame. Aka sallame, ya riƙe min hannu muka tsallaka titi saboda ina ɗingishi, ban faɗa ba. Aka shimfiɗa tabarma. Sabi'u yana kwance a gadonsa na ƙasa, waya a hannu, amma idonsa a kanmu yake.

Otieno ya raba huɗu-huɗu. Malam Buba ya ɗago kai ya ce, "Malam Isiyaku, na ga huɗu?"

Na ce, "Wasan gado haka yake."

Otieno ya tambayi kowa ko ya san doka. Da ya zo kan Malam Buba sai ya tsaya, ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Na ji bakina ya ce, "Ni na koya masa."

Ba a jima ba saura mu biyu. Aka shimfiɗa katin ƙasa, akwai biyar guda biyu a ciki, ni kuma ina da biyar ɗaya a hannu. Uku ke nan. Na ga Malam Buba ya gyara zama, yana shafa gemu. Na san wannan zaman, ni ma na yi shi. Ya tura duk ƙwallayensa, na tura nawa. Ya buɗe katinsa a hankali, kamar yana jin nauyin cinye ni: sarki uku a hannu. Ya ɗora yatsa a kan biyar biyun da ke ƙasa ya ce, "Cikakken gida. Yi haƙuri, malamina."

Otieno ya ajiye kartar. Ya harɗe hannuwa ya bar min. Ɗakin duka ni ake kallo.

Na ce, "Malam Buba, biyu daga hannu, uku daga ƙasa. Sarki biyu kawai za ka ɗauka."

Ya dubi katin ya daɗe. Malamin lissafi ne, bai buƙaci a maimaita masa ba. Ya ce, "Ashe akwai wannan dokar." Bai ɗaga murya ba, bai yi ƙafa da gwangwani ba. Da ya zage ni, wallahi da na fi jin daɗi.

Daga gadonsa Sabi'u ya yi dariya ƙasa-ƙasa ya ce, "Sannu da saukowa, Bakatsine. Yaji yana nan in kana so."

Wannan maganar har yau tana cina. Ina jin haushin mutumin Kano, ina jin haushin kamfanin da ya hana mutum kujera, ina jin haushin Sabi'u fiye da su duka, don ya san daidai abin da ya mayar da ni. Gwiwar ta lafa, likita bai sake rubutu ba, ina nan ina aiki, Hadiza da yara suna ci. In aka mayar da ni tabarmar nan ban san ko zan buɗe baki ba, kuma wannan ma haushi yake ba ni.

Da aka naɗe tabarma na tashi zan hau in sauko da kayana. Na kama ƙarfen tsanin ke nan, Malam Buba ya dafa kafaɗata.

"Zauna, Malam Isiyaku, ƙafarka ba lafiya. Bari in miƙo maka."

Ya ce bismillah, ya hau. Na tsaya a ƙasa ya miƙo min filo, ya miƙo min bargo, ya naɗe katifar ya miƙo min, ni kuma ina karɓa.